Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Ajin da Na Buɗe a Wayoyin Mutane

Makon jiya mun tsaya ne a ranar da mai makarantarmu ta nan Gusau ya tara mu a ofishin malamai, ya ce kowa ya tattara ya-nasa-ya-nasa ya tafi gida sai abin da hali ya yi. Ƙarshen watan Maris ne na 2020, kusan wata guda da samun mutum na farko mai cutar korona a Legas. An ce a rufe makarantu na kwana 30. Mu da muke koyarwa a makarantar kuɗi mun san fassarar wannan magana: in yara ba su zo ba iyaye ba za su biya ba, in iyaye ba su biya ba mai makaranta ba shi da abin da zai ba mu. Bai faɗa da bakinsa ba, amma yadda ya riƙa kaɗa makullin motarsa yana kallon silin ya isa bayani. Kwana 30 ɗin nan kuwa sai da suka haifi 'ya'ya da jikoki.

Sati biyun farko na sha barci kamar wanda aka biya ya yi. A na uku gidan ya fara yi mini ƙunci. Mutumin da ya saba tsayuwa gaban allo tun ƙarfe takwas, alli ya cinye masa yatsu, in ka zaunar da shi sai ya koma yi wa mutanen gida darasi. Ranar da na tsaya a kan maiɗakina ina yi mata bayanin ƙwayoyin da ke sa ƙullin masa ya tashi, sai ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Malam, don Allah ka je ka nemo ɗalibanka. Shekara goma ina suyar masa ban san sunan ƙwayar ba, kuma ba ta taɓa ƙin tashi ba."

Na fara da abin da kowa ya fara da shi, wato zauren WhatsApp. 'Yan SS1 nake koya wa Bayoloji a lokacin, su 44 a rajista. Na bi lambobin da iyaye suka bari a ofis ɗaya bayan ɗaya na zuba su a zaure, na yi sallama, na faɗi abin da ya tara mu. Kwana uku kacal wurin ya koma kasuwar Tudun Wada ranar jajibiri. Wannan ya turo wa'azi, wancan ya turo maganin korona na citta da tafarnuwa, wata uwa ta turo hotunan atamfofin da take sayarwa har da farashi. In na ɗora darasi da safe, kafin azahar saƙonni sun binne shi. Wanda ya yi aikin gida kuma sai ya turo hoton amsarsa a gaban kowa, sauran su kwafe a huce. Da na yi faɗa, wani uba ya ce shi ba ɗalibina ba ne da zan ɗaga masa murya. Gaskiyarsa. Wayarsa ce.

Ƙanena ne ya fitar da ni. Yana karatu a ABU Zariya, ga korona ga yajin aikin ASUU, wanda shi ma a watan Maris ɗin ya fara bai ƙare ba sai Disamba, don haka yana gida yana taya mu da tuwo. Wani dare ya ga ina ta share saƙonni ina tsaki, ya miƙo hannu ya karɓi wayar.

"Yaya, wahalar banza kake sha. Akwai manhajar da aka yi ta don wannan aikin."

Google Classroom ce. Ya ce tun 2014 aka fito da ita, kuma kyauta ce muddin kana da adireshin Gmail. Na ce shekara shida tana duniya ban taɓa jin sunanta ba? Ya ce ai ban taɓa tambaya ba.

Yadda take aiki ba wuya. Malami zai buɗe aji ya raɗa masa suna, sai ta ba shi wata 'yar lamba mai gauraye da haruffa, ita ce makullin ƙofa. Duk wanda ka ba ya shigar, ya zama ɗan aji. A ciki akwai allon sanarwa da kowa ke gani, akwai ɓangaren aikin gida inda za ka ɗora tambaya ka sa rana da lokacin rufewa. Ɗalibi zai yi aikinsa a littafi, ya ɗauki hoto, ya liƙa, ya danna maɓallin miƙawa. Babu mai ganin aikin wani, ni kaɗai nake gani, in sa maki in mayar. A gefen kowane aiki kuma akwai wani ɗan lungu na magana tsakanin malami da ɗalibin kaɗai. Wannan lungun ban ɗauke shi a bakin komai ba a daren. Shi ne daga baya ya kawo mini baƙo har ƙofar gida.

Cikin minti biyar na buɗe ajin. Shigar da yaran kuwa sai da ya ci rabin azumi, don a ƙarshen Afrilu aka ɗauki azumin shekarar. Monitan ajin ne ya yi namijin ƙoƙari. Shi ya sauke manhajar sau ɗaya, ya zauna a shagon mai caji na unguwarsu yana tura wa 'yan uwansa ta Xender, wadda ba ta cin data, ga shi ba a rasa ta a wayar kowa saboda finafinai. Yawancin iyaye ashe suna da Gmail ba su san suna da shi ba, mai shagon da ya sayar musu da wayar ne ya buɗe musu ranar saye ya sa sunan da ya ga dama. Da suka fara shigowa sai na ga rajistata ta cika da mutanen da ban taɓa koya wa komai ba: wani Alhaji mai sayar da taya, wata mai turaren wuta, wani da ya sa wa kansa sunan ɗan ƙwallon Arsenal, da wasu uku masu suna iri ɗaya, sunan shagon waya. Dole na ɗauki littafi na ja layi, gefe ɗaya sunan mai waya, gefe ɗaya sunan ɗalibi.

Su 26 suka shiga. Sauran 18 gidajensu rakani-kashi ce kawai, ko kuma akwai babbar wayar amma ba ta yara ba ce ko da wasa. Zan dawo kansu.

Bidiyo na fara ɗorawa, ina tsaye jikin bangon tsakar gida ina rubutu da gawayi, ƙanena na riƙe da waya. Na yi guda biyu na daina, don datar da nake saye daga kuɗin masar maiɗakina take fitowa, kuma yaran ma sun ce ba ya buɗuwa. Na koma naɗar murya ta minti uku ko huɗu, da hoton shafi ɗaya da na rubuta da manyan baƙaƙe. Da Turanci nake rubutun saboda jarrabawa, muryar kuma da Hausa. A aji mai makaranta ya hana mu yin Hausa, amma nan ba ya nan, kuma ba ya biyana.

Satar amsa ba ta mutu ba, hanya ta sauya. Akwai ranar da mutum biyar suka turo mini hoto ɗaya na littafi ɗaya, huɗu daga cikinsu maza, alhali babban yatsan da ya danne shafin ya sha lalle. Na rubuta wa kowannensu a lungunsa cewa lallen ya kama da kyau, Allah ya sa alheri. Ba su sake ba, ko kuma sun koyi janye yatsa.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne agogo. Manhajar tana nuna lokacin da kowane aiki ya shigo, kuma bayan sati uku ina kallon waɗannan lokutan sai na fara ganin gidajen yaran kamar na leƙa ta taga. Mai turo aiki da hantsi, wayar uwa ce, tana gida. Mai turowa tsakanin azahar da la'asar, uba ne ya dawo cin abinci ya kishingiɗa. Akwai 'yan bayan isha'i. Akwai wata yarinya da aikinta bai taɓa wuce tsakanin biyar da rabi da shida na asuba ba, lokacin da mahaifinta ya bar wayar a caji ya tafi masallaci. Shekara takwas ina koyarwa a lokacin, kuma abin da na sani game da ɗalibi shi ne kujerarsa da makinsa da ko an biya masa kuɗin zango.

Amma kafin in iya karanta agogon sai da na tafka kuskure. Ƙarfe shida na yamma nake sa lokacin rufewa, duk wanda ya wuce haka sai manhajar ta yi wa aikinsa alamar ya makara. Ita ba ruwanta, abin da na gaya mata take bi. Akwai wani yaro, dogo, mai zama kusa da ƙofa, wanda duk aikinsa da wannan alamar yake zuwa. Rannan raina a ɓace, wata na uku ba albashi, na hau allon sanarwa na jera sunayen masu makara, nasa a sama, na ce malalata ne waɗanda ko an kai musu makaranta gado ba za su tashi ba.

Ƙarfe sha ɗaya saura na dare amsarsa ta shigo. Bai yi ta a allon ba, lungu ya bi.

"Malam ka yi haƙuri. Wayar ta Yaya ce, kabu-kabu yake yi, sai goma yake dawowa. In ya dawo kuma sai ya gama waya da budurwarsa yake ba ni. Da safe muna gona."

Na karanta sau uku. Maiɗakina ta leƙo ta karanta sau ɗaya, ta ce, "To, Malam, a cikinku wa ya kwana a gado yau da hantsi?" Na goge rubutun, amma ido ya riga ya gani. Washegari na rubuta a wurin da na yi laifin cewa na yi kuskure, na kuma mayar da lokacin rufewa ƙarfe bakwai na safiyar gobe. Daga ranar alamar makara ta kusa ɓacewa daga ajin. Yaran nan dai su ne, ni ne na daina rufe ƙofa kafin masu waya su dawo gida.

Yaron nan shi ya ba ni darasin da ya fi kowane daɗi a shekarar. Damina ta kankama, muna kan rabe-raben tsirrai. Maimakon in zana ganye a takarda sai na ce kowa ya fita ya samo ganye biyu ya ɗauko hoto: ɗaya mai jijiyoyi a miƙe kamar na gero da dawa da masara, ɗaya mai jijiyoyi kamar raga irin na wake da zogale da darbejiya. Na ce wanda ya samu hali ya tuge ƙaramin tsiro ya duba saiwar, zai ga ta gero buzu-buzu ce, ta wake kuma tana da uwa guda da ta nutsa ƙasa. Hotuna suka yi ta zuwa, a kan tabarma, a kan murfin tukunya, a kan kujerar babur. Shi kuwa ya turo saiwar wake da ya wanke, duk jikinta ƙulle-ƙulle kamar 'ya'yan carbi, da tambaya a ƙasa: "Malam waken namu ciwo ya kama? Baba ya ce a'a haka wake yake."

Na ce ya sami reza ya tsaga ƙulli ɗaya ya ɗauko mini cikinsa. Washegari da daddare hoton ya zo, cikin ya yi ja-ja kamar nama. Na tashi zaune. Abin da na karanta a kwaleji na zana a allo sau ba adadi, ban taɓa tsaga shi da hannuna ba. Na naɗi murya na gaya wa ajin duka cewa waɗannan ƙulle-ƙullen gidajen wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaman haya a saiwar wake da gyaɗa da waken soya. Iskar da muke shaƙa kusan kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, amma tsiro ba ya iya cin ta kai tsaye; waɗannan 'yan hayar su ke kama ta su mayar da ita abincin shuka, su kuma wake ya ba su sukari. Sinadarin da manomi ke biyan kuɗi ya saya a buhun yuriya ke nan. Jan da ya gani kuwa alama ce gidan na aiki. Yaron ya kunna wa mahaifinsa muryar, ya dawo mini da amsa: "Baba ya ce ai sun sani, wake yana barin maiƙo a gona, shi ya sa ake haɗa shi da gero. Ya ce amma bai san 'yan haya ba ne."

Yanzu bari in zo kan yarinyar asuba. A aji kujerarta na can baya jikin taga, kuma zango biyu cur ban taɓa jin muryarta ba sai a kiran suna. In na jefa mata tambaya sai ta sunkuyar da kai ta kama wasa da bakin hijabi har in gaji in wuce. Na riga na sa ta a layin waɗanda ake turowa makaranta su jira miji. A manhaja kuwa sai ga ta da rubutu tsaf, kuma kusan kowane aiki da 'yar tambaya a lungu. Me ya sa albasa ke sa hawaye. Me ya sa ganyen rama ke yaushi in an zuba masa gishiri. Wata asuba ta rubuto abin da ba ya cikin manhajar karatun SS1 ko kusa.

"Malam don Allah sikila gado ce? Ƙanena yana da ita, wasu biyu sun rasu. Yayata za ta auri ɗan gwaggonmu bayan damina. Na ji ana cewa akwai awo."

Na daɗe riƙe da wayar. Ni ba likita ba ne, kuma maganar auren gidan mutane ba hurumin malamin Bayoloji ba ce. Amma tambayar ilimi ce, kuma na san amsarta. Na rubuta mata da Hausa cewa eh, gado ce, daga uwa da uba tare. Mai AS, wato wanda ya gaji sikilar (S) daga ɗaya kawai cikin iyayensa, lafiyarsa lau, sau da yawa bai ma san yana ɗauke da ita ba. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai ciwon, kamar a jefa kwabo biyu sama su faɗo duka a fuska ɗaya da aka zaɓa. Na ce awon ɗan jini kaɗan ake ɗiba, ana yi a asibiti, kuma ta gaya wa mahaifiyarta su nemi ma'aikatan lafiya.

Da na nuna wa maiɗakina sai ta ce, "Wayar wa ka ce take amfani da ita?" A nan gabana ya faɗi. Lungun da nake kira na malami da ɗalibi, a aljihun mahaifinta yake kwana.

Kwana biyu a tsakani, bayan la'asar, yaro ya shigo ya ce ana sallama. Na fita na tarar da dattijo mai furfura a gemu tsaye jikin babur, riƙe da waya a hannu kamar shaida. Mai tayar nan ne na rajistata.

"Kai na malamin ɗiyata?"

"Ni ne, ranka shi daɗe. Bismillah, mu shiga zaure."

Na shimfiɗa tabarma hannuna na rawa. Na riga na shirya bayani: cewa aikin makaranta ne, cewa mai makaranta ya sani, wanda rabin gaskiya ne. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ya tambayi wanga zama da anka sa mu. Sannan ya buɗe wayar, ya kawo ta kusa da idonsa, ya gangara da yatsa a hankali.

"Na karanta dut abin da kuka rubutawa, tun na albasa. Ban ce mata komi ba. Amma wagga magana ta kwabo, maimaita min ita. Ɗiya takwas munka haihwa, uku sunka zo da ciwon. In ɗaya cikin huɗu na, ai biyu ya kamata. Lissahinka bai hita ba, Malam."

Ajiyar zuciyar da na yi sai da ya ji ta. Na aika aka samo marafan kwalbar lemo guda biyu, tunda kwabo ya daɗe da barin aljihunmu. Marfi ba adali ba ne kamar kwabo, amma zai yi. Na ce wannan shi ne Alhaji, wancan Hajiya. Bayan marfin A, cikinsa S. Na ce ya jefa. Ya jefa, ɗaya ya kife ɗaya ya buɗe. Na ce wannan ɗan AS ne, lafiyayye. Ya sake, duka suka buɗe. Na ce wannan SS. Ya sake, suka sake buɗewa duka. Ya ɗago ya dube ni.

Na ce, "Ka gani, ranka shi daɗe. Marfin ba ya tuna yadda ya faɗi ɗazu. Kowane ciki sabuwar jifa ce. Wani gidan su haifi shida ba ko ɗaya, wani gidan uku a jere."

Ya ci gaba da jefawa shi kaɗai, ya fi sau goma, ba ya ce komai. Ni ma na yi shiru, don na lura ba marafai yake ƙirgawa ba. Can ya ce Allah ka ba da cuta, shi ka ba da lahiya. Na ce haka ne, kuma shi ya sanar da bayinsa awo. Ya tambayi ko a cikin Gusau ana yi, na ce ana yi. Da zai tashi ya zuba marafan a aljihun gaban rigarsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce daga yau zai riƙa bar mata wayar bayan magariba ma, amma in sani shina karantawa. Na ce ai gara haka. Tun daga ranar duk abin da zan rubuta wa ɗaliba sai na rubuta shi yadda zan iya karanta shi da ƙarfi a zauren ubanta, kuma har yau a kan haka nake.

Bayan sati uku ta rubuto layi ɗaya a ƙasan aikinta: "Malam an yi. Yaya AS, shi ma AS. Baba ya ce a dakata." Ban tambayi ƙari ba. Daga baya na ji a gari cewa gwaggon ta yi fushi sosai, tana cewa wani malamin waya ne ya shiga tsakanin zumunci. Akwai wani layi a unguwarsu da na yi kusan shekara ina kewaye shi.

'Yan ajin ƙarshe sun koma a watan Agusta don rubuta WAEC, wadda aka fara ranar 17 ga watan. Namu sai can gaba. Ranar da suka dawo na ga abin da manhajar ba ta taɓa nuna mini ba. Tana gaya mini wanda ya miƙa aiki da wanda bai miƙa ba, amma a cikin waɗanda suka shiga kaɗai. Su 18 ɗin nan ko a layin marasa aiki ba sa fitowa, kuma ni ma, in faɗi gaskiya, na daina tuna su. Na tsaya gaban allo na ce wa zai tuna mana 'yan hayar saiwar wake, rabin aji suka kwashe da dariya suna ɗaga hannu, rabin kuma suka yi zuru kamar baƙi a gidan biki. Biyu daga cikinsu ba su ma dawo ba. A wasu tarukan malamai na sha jin ana yabon irin wannan karatu ana cewa ya ceci yara. Wasu yaran dai. A ajina waɗanda gidansu ke da babbar waya sun yi gaba, tazarar da ke tsakaninsu da sauran ta ƙaru, kuma da hannuna na ƙara ta. Zangon nan duka na yi shi ne ina maimaita wa rabin aji abin da rabin ya riga ya sani, ana hamma a gaba ana zare ido a baya.

Ajin wayar na bar shi a buɗe, muna ɗan leƙawa lokacin hutu. Sai 2021 ta zo da nata. A watan Fabrairu aka kwashe 'yan matan Jangebe, aka sako su 279 bayan 'yan kwanaki. Ranar Laraba 1 ga Satumba aka shiga wata makarantar jeka-ka-dawo a Kaya, cikin ƙaramar hukumar Maradun, aka tafi da ɗalibai fiye da 70, gwamnati ta rufe makarantun jihar baki ɗaya. Wannan karon na ji ni a shirye nake. Washegari na hau allon sanarwa na ce kowa ya dawo, na ɗora aikin farko a kan zagayawar jini, na sa rufewa safiyar Litinin. Na kuma roƙi masu waya kowa ya ɗauki maƙwabcinsa guda cikin marasa waya ya riƙa kwafa masa tambayoyin a takarda, don kada a maimaita ta bara.

Ranar Juma'a 3 ga wata aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda aikin tsaro. Ba kira, ba saƙo, ba intanet, masu POS suka naɗe lema. Na yi ta ɗaga waya sama a tsakar gida kamar mai neman wata. In na buɗe manhajar sai ta yi ta juyi, ba abin da ke shiga ba abin da ke fita. Wayar Alhaji mai taya, da ta ɗan kabu-kabu, da tawa, duk suka koma tocila.

Safiyar Litinin ina alwalar walaha na ji ƙararrawar keke a ƙofar gida. Dogon yaron nan ne, ya ɗaure wani abu a bayan keken da roba, cikin buhun yuriya da aka wanke. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya kwance, sai ga littattafai da fallayen takarda, guda 31. Na ƙirga sau biyu. A ciki har da rubutun hannun yaran da ba su taɓa shiga ajin wayar ba. Ya ce tun ranar Alhamis suka kwafe tambayoyin, shi da monita suka raba unguwanni, shi ya ɗauki Samaru da Tudun Wada. Ya goge zufa da hularsa, ya dubi agogon hannuna.

"Malam, bakwai ta yi?"

Saura kwata.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda na shiga mota zuwa Zariya don kawai in kira mutum ɗaya a waya, da abin da na tarar a tasha.